Gidan Ɗan Hausa: su wa suka zauna a cikinsa, kuma wa ke da alhakin kula da shi?

Duk shekara idan damina ta kankama wani sashe na badala ya zube, ko aka wayi gari an ga harsashin shaguna a jikin ganuwa, sai maganar wuraren tarihin Kano ta dawo gidajen rediyo da shafukan Facebook. Sunaye biyu ba sa ɓacewa a irin wannan muhawara: Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. Mutane da yawa na ambatonsu kamar wuri guda ne. Wasu sun san biyu ne, amma sun ɗauka hukuma ɗaya ke riƙe da su. Akwai ma wanda zai rantse maka cewa Ɗan Hausa wani tsohon attajirin Kano ne.

Gidan Makama yana cikin birni, daura da Gidan Rumfa, wato fadar Sarki. Gidan Ɗan Hausa yana waje, a Nasarawa, kusa da gidan gwamnati. Shi kuwa Ɗan Hausa Bature ne haifaffen ƙasar Suwizalan mai suna Hanns Vischer, kuma daga wannan gida nasa makarantar boko ta gwamnati ta farko da ta yi ƙarko a Arewa ta taso.

Abubuwa uku da suna ɗaya

Ruɗanin ya samo asali ne tun daga kalmar. Idan Bahaushe ya ce "gidan tarihi", abu uku yake iya nufi. Akwai ginin da aka tanada don a tara kayan da, a jera su mutane su gani, kamar wanda ke Jos ko Kaduna. A nan kayan ne abin kallo, ginin mazubi ne kawai. Akwai kuma gidan da shi kansa ne abin kallon, saboda wanda ya zauna a cikinsa ko abin da ya faru a ɗakunansa. Gidan Sardauna da ke Kaduna, wanda ya zama Arewa House, da gidan Malam Aminu Kano na Gwammaja, wato Mambayya, duk irin wannan ne. Na ukun matsayi ne na doka: ginin da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa, ta hana a taɓa shi sai da izininta. Gida yana iya tsufa, ya yi suna, a riƙa kai yara yawon buɗe ido cikinsa, amma bai samu wannan matsayi na uku ba.

Gidan Makama ya haɗa duka ukun. Ruwayar da aka sani ita ce an gina wa Muhammadu Rumfa shi a ƙarni na 15, zamanin kakansa Sarki Abdullahi Burja, lokacin Rumfa yana riƙe da sarautar Makama. Da ya hau gadon sarauta, wanda ya riƙe daga 1463 zuwa 1499, sai ya gina fadar da har yau take ɗauke da sunansa. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903 sun yi amfani da Gidan Makama a matsayin ofis, daga baya aka rarraba shi, wani sashe ya zama makaranta, wani ya zama wurin ajiye kayan tarihi, har da tsofaffin ƙyauren ƙofofin gari.

Gidan Ɗan Hausa ya fi karkata ga kashi na biyu. Ko da yake an jera kayan sana'o'in gargajiya da tsofaffin hotuna a cikinsa, abin da ke kai mutane wurin shi ne ginin da labarin mazaunansa.

Kafin Bature ya zo

Nasarawa ba Turawa suka kafa ta ba. A ƙarni na 19 sarakunan Kano suna da gandaye a kewayen birni, irin su Fanisau da Ɗorayi da Nasarawa, inda ake noma wa fada abinci, Sarki kuma yakan fita can ya huta. Bayi ne ke aikin waɗannan gonaki, ƙarƙashin kulawar manyan bayin Sarki da masu riƙe da muƙamai a fada. Ruwayar da ta fi yaɗuwa game da gidan ita ce asalinsa na wani mai sarauta ne da ke kula da gandun Sarki a wurin. Ke nan mazaunan farko su ne shi da iyalinsa da barorinsa, da waɗanda ke kai da kawo tsakanin gona da rumbu.

Ranar 3 ga Fabrairu 1903 sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga Kano, Sarki Alu yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Aka naɗa Muhammadu Abbas. Turawa ba su so zama a cikin birni ba, sai suka zaɓi wajen ganuwa, Nasarawa ta zama mazauninsu. Ta wannan hanya gidan ya faɗa hannun sabbin masu mulki.

A nan akwai abin lura. Mazaunan farko sun rayu ne a zamanin da ba a rubuta labarin bara da bawa, sai dai na sarki da malami. Vischer kuwa ya bar littafi, ya bar rahotannin ofis, matarsa ma ta bar littafi. Shi ya sa duk wanda ya shiga gidan zai fito da labarin mutum ɗaya a kansa, alhali zamansa a ciki bai kai shekara goma ba.

Mutumin da gidan ya ci sunansa

An haifi Hanns Vischer a birnin Basel a 1876. Ya fara shigowa ƙasar Hausa ne a farkon ƙarni na 20 a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta CMS, ba a matsayin ma'aikacin gwamnati ba. Bai daɗe ba ya bar aikin mishan, ya karɓi takardar zama ɗan Ingila a 1903, ya shiga aikin mulki aka tura shi Barno. A 1906, da zai dawo daga hutu, maimakon ya biyo teku sai ya ratso hamada da ayarin raƙuma daga Tarabulus, ta Murzuƙ da Bilma, har zuwa tafkin Chadi. Cikin ayarin akwai alhazai masu komawa gida da bayin da aka 'yanta. Labarin tafiyar ya fito a littafi a 1910.

A 1908 Gwamna Percy Girouard ya ɗora masa aikin tsara ilimin boko a Arewa. Kafin ya fara sai da ya je Masar da Sudan da Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya ga yadda ake tafiyar da makarantu a can. Ya dawo ya sauka a Nasarawa, ya gyara gidan ya faɗaɗa shi, amma bai sauya masa fasali zuwa na Turai ba: ginin ƙasa ya bari, da soraye da rufin azara, aikin maginan Kano. Jin Hausarsa da yadda yake cuɗanya da mutane su suka jawo masa laƙabin Ɗan Hausa. Matarsa Isabelle ta zauna tare da shi a gidan, ta kuma rubuta abin da ta gani a Arewa da Faransanci, aka buga a 1917.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya raba shi da Kano. Ya tafi aikin soja, ya ajiye muƙaminsa na daraktan ilimi a 1919. Sai dai hannunsa bai fita daga harkar ba, domin daga 1923 shi ne sakataren kwamitin da ke bai wa gwamnatin Ingila shawara kan ilimi a ƙasashen Afirka da take mulka, yana kuma cikin waɗanda suka kafa cibiyar nazarin harsuna da al'adun Afirka a Landan a 1926. Ya rasu a 1945. Bayan tafiyarsa wasu jami'an Turawa sun ci gaba da zama a gidan, amma babu wanda sunansa ya kama shi.

Abin da aka yi a Nasarawa

Makarantar ta buɗe a 1909. Ba da yara aka fara ba, da malamai aka fara, mutanen da suka riga suka yi karatun allo da na littattafai, aka koya musu rubutun boko da lissafi don su koyar da wasu. Daga nan aka buɗe ajin 'ya'yan sarakuna da aka turo daga masarautu daban-daban, da ajin sauran yara, da sashen sana'a inda ake koyon kafinta da ƙira da dukanci da ɗinki. Da Hausa ake koyarwa. Ɗalibai na zuwa da rigunansu da hulunansu, akwai lokacin salla, akwai malaman Larabci da addini.

Wannan tsari yana da dalilinsa. A 1903 Lugga, Baturen da ke shugabantar mulkin Arewa a lokacin, ya yi wa sarakuna alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addini ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautun Musulmi. A Kudu kuwa 'yan mishan ne suka riƙe makarantu tun shekarun 1840. To ga gwamnati tana bukatar malaman haraji da na baitulmali da na kotu, ga jama'a suna kallon makarantar Bature a matsayin ƙofar kafirci. Aikin Vischer shi ne ya samar da ma'aikatan ba tare da ya tsorata iyaye da sarakuna ba. Duk da haka tsoron bai gushe ba. Zambon da almajirai ke yi wa "'yan makarantar bokoko" ya daɗe yana yawo a unguwanni.

A wannan zama ne kuma, a 1912, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Matsalar da ya tarar mai sauƙin ganewa ce ga duk wanda ya taɓa tura saƙo a waya: idan ka rubuta "baki", bakin magana kake nufi ko baƙin launi? "Kafa" ta kafa gida ce ko ƙafar tafiya? Da ɗigo da ɗan waƙafi aka riƙa bambanta irin waɗannan sautuka, sai a shekarun 1930 aka tsayar da ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa. Hanyar da ta kai ga Hukumar Talifi ta Zariya da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta bi ta Nasarawa, haka ma wadda ta kai ga Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Inda ra'ayi ya rabu

Masu yaba wa Vischer suna kafa hujja da abin da ido ke gani. Ga mutum da yake da ikon ya gina gidan bulo da kwano, ya zaɓi soro. Ga makaranta da ba ta tilasta wa yaro ya bar harshensa ko suturarsa ko sallarsa ba. A ganinsu, da an shigo da boko ta hanyar da aka bi a Kudu, da ƙyamar da aka nuna masa ta ninka, kuma matsayin da Hausa ta samu na harshen rubutu da jarida da rediyo yana da nasaba da shawarar koyarwa da ita tun farko.

Masu suka suna duba wani ɓangaren. A shekarar da aka buɗe makarantar Nasarawa, 1909, ita ce shekarar da gwamnati ta buɗe King's College a Legas, sakandare sosai mai koyarwa da Ingilishi, alhali Legas ɗin tana da sakandaren mishan tun 1859. A Nasarawa kuwa an taƙaita Ingilishi, an fifita 'ya'yan masu sarauta, burin shi ne a samu wanda zai riƙe littafin haraji ba wanda zai yi wa Razdan, wato Baturen da ke mulkin lardi, gardama ba. Ga masu wannan ra'ayi, tazarar ilimi tsakanin Arewa da Kudu da ta dabaibaye siyasar ƙasar gab da samun 'yanci tana da tushe a nan. Suna ƙara da batun ajami. Lugga da kansa ya ƙiyasta makarantun allo a Arewa sun kai wajen 25,000. Da aka mayar da boko rubutun ofis, sai malamin da ke rubuta wasiƙa da waƙa da hukuncin shari'a ya wayi gari a takardun gwamnati ana lissafa shi cikin waɗanda ba su iya karatu ba. Ko kalmar "boko" ma shaida ce: masanin harshe Paul Newman ya nuna tsohuwar kalmar Hausa ce mai nufin abin da ba na gaske ba, kamar a "amaryar boko", ba daga Ingilishi aka aro ta ba.

Akwai suka ta uku daga wani gefen daban. 'Yan mishan irin su Dokta Walter Miller na Zariya sun daɗe suna zargin gwamnati da cewa ta kulle Arewa don ta faranta wa sarakuna.

Idan aka auna, kowane ɓangare yana da abin riƙewa, sai dai akwai wurin da ake wuce gona da iri. Zaɓen boko a kan ajami don aikin ofis ya riga Vischer, tun zamanin Lugga na farko aka ɗauki wannan hanya. Shi daidaita rubutun ya yi. Haka nan ƙarancin makarantu ya ci gaba shekaru da dama bayan tafiyarsa, saboda ƙarancin kuɗin da aka ware da kuma ɗari-ɗarin iyaye. A ɗaya gefen kuma, son al'adar Hausa da ya nuna bai saɓa wa bukatar mulkin mallaka ba. Mulki ta hannun sarakuna yana son a bar abubuwa yadda aka same su, tsarinsa kuwa ya dace da hakan.

Wa ke da gidan a doka

Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ce ta kafa hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tarihi. Ita ke riƙe da sashen tarihi na Gidan Makama. Gidan Ɗan Hausa kuwa yana hannun Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Tsarin mulkin 1999 ya amince da wannan rabo: abin da aka ayyana na ƙasa ne, tarayya ke yi masa doka, wanda ba a ayyana ba, majalisar jiha ke da hurumi. Arewa House da Mambayya sun bi hanya ta uku, jami'o'i ke riƙe da su, Ahmadu Bello da Bayero.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna. Saboda haka tarayya na iya cewa kada a taɓa gini, amma takardar filin da ke maƙwabtaka da shi daga ofishin jiha take fitowa. Tarar da dokar 1979 ta tanada kuma an rubuta ta ne da darajar naira ta wancan lokaci, ba ta isa ta tsorata mai neman fili a tsakiyar Kano ba. Wannan giɓi ne ya fi cin ganuwa, duk da cewa tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tana neman a amince da su. Ga gida irin na Ɗan Hausa, wanda ke unguwar da fili ke da tsada, kariyarsa ta dogara ne ƙwarai ga kasafin kuɗin jiha da ra'ayin gwamnatin da ke ci.

Shin ginin na asali ne?

Masu ziyara kan yi wannan tambaya idan suka ga sabon yaɓe. Ginin ƙasa ba ya rayuwa da a bar shi yadda yake. Da tubali ake ɗaga bango, a jera azarar giginya a rufe, a bi da yaɓe, a shafe da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko laso, haɗin katsin marina da gashin jima da dafara, don ruwa ya zame. Lalacewarsa daga ƙaramin abu take farawa. Ganye ya toshe indararo, ruwa ya kwanta a kan soro kwana biyu, ya sami 'yar tsaga ya bi azara. Daga ciki sai a ga tabo mai duhu a kusurwar rufi, bayan sati guda ƙasa ta fara zubowa kaɗan-kaɗan a daɓe. Idan aka kai damina ta biyu ba a taɓa ba, ɗakin ya tafi.

Don haka fatar bangon da mutum ke shafawa a yau ba ita Vischer ya shafa ba, balle Rumfa. Abin da ake adanawa shi ne fasali da kauri da tsarin ɗakuna, da kuma sanin yadda ake yin aikin. A nan ma ra'ayi biyu ne. Wasu na ganin a lulluɓe da siminti a huta da gyaran kowace shekara. Masana gini na cewa siminti yana kulle danshi a cikin bangon ƙasa, ya ci shi ta ciki, wata rana ɓawon ya ɓalle gaba ɗaya. Hanyar gargajiya ta fi aminci ga ginin, amma tana son kuɗi kowace shekara kafin ruwan farko, tana kuma son magina da suka iya ɗaurin guga da bakan gizo, waɗanda ke raguwa tun da bulo ya karɓe kasuwa.

Abin da ya shafi mutumin gari

Na farko su ne maginan nan. Gidaje irin waɗannan, da fadojin sarakuna, su ne kusan wuraren da suka rage da ake biyan kuɗi a yi aikin ƙasa mai kyau. Idan aka koma siminti, yaron magini ba shi da dalilin koyon sana'ar ubansa.

Sai ɗalibai, waɗanda su ne suka fi cika irin waɗannan wurare. Abin da mai zagayawa da su ya faɗa shi za su tafi da shi gida. Idan labarin ya tsaya ga Bature mai jin Hausa, ba za su ji batun gandu da bayin da suka noma shi ba, ko malaman da suka fara zama a ajin 1909, ko abin da ya sami ajami. Masu sayar da kayan fata da na saƙa ma suna da rabo, musamman lokacin hawan Salla, wanda UNESCO ta sanya cikin al'adun duniya da ake karewa a Disamban 2024.

Akwai kuma wanda bai taɓa shiga gidan tarihi ba amma dokar ta shafe shi bai sani ba. Dokar 1979 ba ta tsaya ga gine-gine ba. Aikin hannu na gida da aka yi kafin 1918 yana cikin abin da ta kira kayan tarihi, kuma ta hana fita da shi ƙasar waje ba tare da takardar izini ba, ta hana cinikinsa sai ta hannun wanda hukuma ta amince wa. Ke nan magadan da suka buɗe adakar kakansu suka tarar da tsohon takobi ko sirdi ko kwalkwali, dillali ya zo ya taya da kuɗi mai tsoka, suna iya shiga hannun hukuma idan suka sallama. Ajiye kayan a gida ba laifi ba ne. Wurin sayarwa da fitarwa ne ake bukatar a fara tuntuɓar ofishin hukumar tarayya, wanda a Kano yake Gidan Makama.